Haddar fomula ce ke kayar da yaranmu a JAMB?

Ɗan Rigasa: Jama'a, raina a ɓace yake. Kuɗi muke zubawa a lesin don ƙanwata ta samu likitanci, amma ba abin da ake ɗora su a kai sai hadda. Ta cika bangon ɗaki da kwali, PV = nRT, V = IR, v = u + at, tana rera su har a wajen wanke-wanke. Jiya na ba ta tambayar gas, zafin 27°C, ta zura 27 ɗin yadda yake, ba ta ƙara 273 ya koma 300K a ma'aunin Kelvin da fomular ke buƙata ba. Haddar nan ce ke kayar da yaranmu.

'Yar Tudun Wada: Haba Yaya, ka janye. Hadda ba ta taɓa kayar da kowa ba. Da ita muka sauke izu sittin, ba wanda ya ce ƙwaƙwalwarmu ta toshe.

Ɗan Rigasa: Subhanallahi, ni na ambaci Alƙur'ani?

'Yar Tudun Wada: Ka dai ce hadda.

Malamin Kemistri: Ɗan'uwa, a JAMB tambaya 180 ce a awa 2, Turanci 60, Bayoloji da Fiziks da Kemistri 40-40. Kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. Yarinyar da ƙayyadaddun lambobin Kemistri irin su 22.4 dm³ da 6.02 × 10²³ ba su zauna mata a ka ba, yaushe za ta tsaya nemo su? Kalkuletar da ke kan kwamfutar lissafi take yi, ba ta tuna wa kowa fomula.

Baban Yara, Kawo: Malam, ai abin da yarinyar ke yi ba hadda ba ne, karatun aku ne. Mahaddaci ya san inda zai tsaya.

'Yar Tudun Wada: Yanzu kuma 'yar mutane ce aku? Baba, wannan bai dace da kai ba.

Baban Yara, Kawo: 'Yata, ban zage ta ba. Ɗana a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yake, ku tambayi duk ɗan ABU, da fahimta ake shiga.

Ɗan Barnawa: To, an zo wurin. Kullum ABU! Mu 'yan KASU, jami'ar jihar Kaduna, da muke asibitin koyarwa na Barau Dikko, da ƙuri'a muka shiga?

Baban Yara, Kawo: ABU tun 1962 take, yaro.

Ɗan Barnawa: Tsufa ba maki ba ne, Baba.

Ɗan Rigasa: Ni fa maganar kuɗin lesin da Kelvin na kawo.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda hadda dole ce, kuma lissafin daƙiƙa 40 na Malam ba wanda ya iya tanka shi. Ni ma shekarun da na yi ina koyar da lesin haka na gani. Ɗan Rigasa, gaggawa ka yi, kuskure ɗaya ba ya isa a yanke wa malami hukunci. Ƙanwarka ta rubuta "+273" a gefen kwalin. Maganar ABU da KASU na rufe ta. Gobe bayan Isha za mu ɗauki dokokin Faraday, kowa ya zo da lambar Faraday, 96,500, a kansa.