Maƙesu ko hangara, wa ya ci geron?

Baban Ummi: Jama'a abin nan ya ishe ni. Hangara ta faɗa wa gerona yana tsakiyar bununi, amma maƙwabcina ya dage wai maƙesu ne, don ya ga suna walƙiya da dare a bakin fadama. Ya kwashe magani ya feshe ciyawar rafi, hangara kuwa tana nan kan zangarniya. Wannan ai jahilci ne.

Alhaji na Tasha: Jahilci? Dattijon da ya yi noma tun ba a haife ka ba? Gyara kalamanka.

Baban Ummi: Alhaji, ban zagi kowa ba.

Ɗan Maraɗi: Ka zaga mana. Mu a nan ko yaro ba ya ce wa manomi jahili.

Malama Hajara: Ku tsaya. Maƙesu ba ya cin hatsi. Tsutsarsa dodon koɗi take ci da ƙananan tsutsotsi a ƙasa mai danshi, shi ya sa ake ganinsa bakin ruwa. Wutar kuma a ƙarshen cikinsa take, da ita namiji da mace ke neman juna, ba ta ƙuna. Hangara ba ta da wuta ko kaɗan, ita ce ke cinye furen gero zangarniya ta fito fayau, in ka murƙushe ta a jiki kuma fata ta tashi bororo.

Alhaji na Tasha: Malama, ba wannan muke magana ba. Ya janye jahilci tukuna.

Sani Injiniya: Rashin sanin abu ai shi ne jahilci. Ina zagin yake?

Ɗan Maraɗi: Kai da ko fartanya ba ka taɓa riƙewa ba, manomin waya.

Sani Injiniya: Kai fa bashin takin bara ka biya?

Baban Ummi: Ni dai gerona nake tambaya, me zan yi?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: Baban Ummi ya yi wa dattijo rashin kunya, ya je ya ba shi haƙuri. Bayanin Malama na boko ne, mun ji, amma ni ƙwaron da na gani kusa da gonata da dare feshe shi zan yi. Sani, zancen bashi ba a nan ba. An rufe.