Kwamfutar hannu tana fito da shirme a allo

Mai-sito: Salam 'yan uwa. Oga ya kawo sabuwar kwamfutar hannu ta karanta lambar kaya. Na sa adireshin saba (babbar kwamfutar da ke riƙe bayananmu) da tashar 23, wato ƙofar shiga saba ta hanyar Telnet, ta haɗu, amma allon sai shirme. Tun safe nake fama, ga tirela a ƙofa.

Dogo: Wace irin saba ce? In AS/400 ce ta kamfanin IBM, shiga saitin nau'in allo a kwamfutar hannun, cire VT220 ka zaɓi 5250. VT na su Linux ne.

Mai-sito: Ita ce kuwa! Rubutu ya fito. Sai dai in na haska lamba, sai na danna Enter da hannu.

Hajjaju: Ƙanena, shiga saitin sikana, ka sa ta aika Enter bayan kowace lamba. Kuma Telnet ba ya ɓoye kalmar sirri. In sabarku ta yarda, koma tashar 992 da TLS, tsarin da ke ɓoye bayanai a hanya.

Mai-sito: Na gode Yaya. Bari in sallami direban nan tukuna.