Monstera da ganyenta ya ƙi tsagewa: yadda ta kaya wa kowa

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu renon shuke-shuke a cikin gida. Shukar Monstera da na ajiye a falo tana ta fitar da sababbin ganyaye, sai dai kowanne yana buɗewa ne sumul, babu huji babu tsaga, alhali kuwa tsagar ce ta ja hankalina gare ta tun farko. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fuskantar haka ya gaya mana abin da ya gani.

Wata 'yar'uwa: Wa'alaikumus salam. Tawa ma haka ta yi ta yi muddin tana can kusurwa nesa da taga. Asalin shukar nan dazuzzuka ne masu yawan ruwan sama daga kudancin Meziko har zuwa Panama, inda take kama kututturen bishiya da saiwoyinta na sama tana hawa har kusan mita 20 don ta riski haske, kuma a can sama ne ganyenta yake faɗi ya tsattsage. Da na mayar da ita kusa da tagar gabas, na bar labule marar kauri tsakaninta da rana, ganyen da ya biyo baya ya fito a naɗe kamar tabarma, kore shar mai ƙyalli, yana warwarewa sai ga ƙananan huji a jere gefen jijiyar tsakiya. Ki sani fa ganyen da ya riga ya buɗe ba zai tsage daga baya ba, sabon fitowa za ki zuba wa ido.

Wani dattijo: Gaskiya kika faɗa, 'yata, amma a wurina haske shi kaɗai bai wadatar ba. Tawa tana samun haske sosai, duk da haka ganyenta ƙanana ne, domin na bar ta tana rarrafe a ƙasa. Sai da na kafa mata turke na ɗaure karan shukar a jikinsa a hankali, saiwoyin sama suka kama shi, sannan kowane sabon ganye ya riƙa fin na baya girma. Ban goyi bayan yanke waɗannan saiwoyi ba ko kaɗan, duk da wasu suna ganin ba su da kyan gani. Ke kuma mai tambaya, idan shukarki ƙarama ce, to haƙuri kawai take buƙata.

Wani ɗan'uwa: Ni ruwa nake kiyayewa. Ba na ƙara mata sai na tsoma yatsa na ji saman ƙasar ya bushe kamar santimita 3 zuwa 5, domin jiƙewar da ba ta tsanewa tana ruɓar da saiwa, ganyen ƙasa ya yi rawaya, girma ya tsaya.

Wata uwa: Ki dai ɗaga ta daga inda yara ko kyanwa za su kai, saboda ruwan jikinta yana sa ƙaiƙayi da kumburi a baki.