Siteshon like dalma: mai murɗawa zan saya ko dijital?

dan_rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyara. Wata shida kenan da oga ya yaye ni na kama ɗan teburi a Rigasa ina gyaran waya da tocila da ƙananan rediyo. Har yanzu da ayan ɗin like dalman nan da ake jonawa kai tsaye a soket nake aiki, shekaranjiya ina canza wa wata hajiya wajen caji zafi ya yi yawa layin tagulla ya ɗago daga jikin bod, wallahi har yanzu abin na damuna. Na ɗan tara kuɗi zan shiga Kasuwar Gumi, to wane siteshon (na'urar da ke daidaita zafin ayan) zan ɗauka, analog mai abin murɗawa irin samfurin 936 ko dijital mai nuna lamba? Don Allah a ba ni shawara.

injiniya_tudunwada:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a. Ka ga dukansu biyu suna da sensa da ke auna zafi tana yanke wuta tana mayarwa, bambancin kawai ɗaya da ido kake kimanta inda ka murɗa ɗaya kuma yana rubuta maka. Ni mai murɗawa ne a teburina shekara da shekaru, na sa ɗigon fenti a wajen digiri 330 na Celsius ban cika gusar da shi ba. Dalmar 60/40 (kashi 60 kuza, kashi 40 ledi) tana narkewa tun wajen 190, ka ga ba ka da dalilin kai shi 450 kamar yadda yara ke yi don sauri, bakin ayan ɗin kawai za ka ƙona ya yi baƙi ya daina kama dalma. Kuma in ya lalace kai da kanka za ka buɗe ka canza hita ko abin murɗawar.

mai_blowa_kawo:
Oga da girmanka amma tunda waya yake gyarawa ni dijital zan ce masa, kuma mai bakin T12. Shi hitar da sensar duk a cikin bakin suke, kafin ka gyara zama ya ɗau zafi, in ka ɗora shi a kan wurin da ke shanye zafi kamar ƙafafun wajen caji nan take yake dawowa, 936 kuwa sai ka tsaya kana dannawa kana jira, a nan ne layi ke ɗagowa. Ga shi bod ɗin wayoyin yanzu dalmarsu marar gubar ledi ce, sai ta haura 217 take narkewa. Da yawan siteshon T12 ma in ka ajiye hannun ayan ɗin suna rage zafi da kansu.

injiniya_tudunwada:
Gaskiya ne batun T12, ban musa ba. Sai dai ya sani ba kowace lamba ce gaskiya ba, na taɓa auna wani mai araha allo na cewa 350 baki kuma bai kai ba. Ka ce mai shago ya jona maka ka narka dalma a gabansa, kuma ka sa mita ka duba ko bakin na haɗe da at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa. Sannan wutar Kaduna ka santa, in ƙaramin janareta kake tayarwa nemi sitabilaiza kafin bod ɗin cikin siteshon ya ƙone.

dan_rigasa:
Na gode ƙwarai manya, Allah ya saka da alheri. T12 ɗin zan duba ranar Asabar, zan tafi da mitata da guntun dalma. Wane irin baki ya fi dacewa da wajen caji, mai tsini ko mai faɗin nan kamar wuƙa?