Jihohi 12 na Gowon: gyaran ƙasa ko dabarar yaƙi?

Malam Isiyaku: Ni a ganina ba don talakawa aka yanka jihohi a 1967 ba, dabarar yaƙi ce kawai. Gowon ya sanar ranar 27 ga Mayu, Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, ya ayyana Biyafara ranar 30. Kwana uku tsakani. Ku dubi yadda aka tsaga Gabas gida uku: Gabas ta Tsakiya, Ribas, da Kudu maso Gabas. Fatakwal da galibin rijiyoyin mai suka faɗa Ribas, aka bar Inyamurai ba ko bakin teku.

Hajiya Rakiya: Malam, lokacin da aka zaɓa na siyasa ne, ban musa ba. Amma buƙatar ta girmi Gowon. Tun kafin 'yancin kai mutanen Kalaba, Ogoja da Ribas suke neman yankinsu, Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC na neman na Tsakiyar Najeriya. Don haka Turawa suka naɗa Kwamitin Willink a 1957, shi kuma a 1958 ya ƙi ba da shawarar yanka, ya ce a sa haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Wutar ba ta mutu ba, ga tarzomar Tibi a 1960 da 1964.

Malam Isiyaku: To me ya hana farar hula yi, Hajiya?

Alhaji Bawa: Sun yi sau ɗaya, Yamma ta Tsakiya a 1963, da ƙuri'ar raba gardama. Daga Yamma aka ɓalle ta, gidan 'yan adawa. Jam'iyyun da ke mulkin tarayya, NPC ta Arewa da NCNC ta Gabas, ba wadda ta yarda a taɓa nata yankin. Kuma Malam, in Biyafara kaɗai aka nufa, me ya kai wuƙa Arewa har gida shida? Arewa maso Yamma, Arewa ta Tsakiya, Kano, Arewa maso Gabas, Binuwai-Filato da Kwara. A zaɓen 1959 Arewa na da kujeru 174 cikin 312. Wannan rinjayen shi ne abin da Kudu ke tsoro.

Malam Isiyaku: Allah ya ƙara girma, ai toshiyar baki ce. Ba a yanka Arewa ba, wa zai yarda a Kudu? Shida nan, shida can, ka ga lissafi. Kuma a takarda aka yi, jihohin Arewa ba su kama aiki sosai ba sai Afrilun 1968, aka kafa hukumar wucin gadi ta riƙe kadarorin haɗin gwiwa a Kaduna.

Hajiya Rakiya: Jinkirin na rabon ma'aikata da kaya ne, ba shaidar yaudara ba. Inda zan ba ka gaskiya shi ne farar hula sun kasa, kuma batun doka ne. Murtala ya kai su 19 a 1976, Babangida 21 sannan 30, Abacha 36 a 1996, dukkansu da dokar soja aka yi. Sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 kuwa, kafin a yanka sabuwar jiha, yana neman kashi biyu bisa uku na wakilan yankin, da na masu ƙuri'ar raba gardama, sannan amincewar galibin jihohi, sannan kashi biyu bisa uku a kowace majalisar tarayya. Har yau ba jihar da ta haye wannan siraɗin.

Alhaji Bawa: Jihar da ke karɓar kaso daga asusun tarayya ba ta son ƙarin hannu cikin akushi. Nan ake maƙalewa.