Shin in ba Shampen ba, sauran duk kwaikwayo ne?

Ishaya: Jama'a, ga maganar da na tsaya a kanta. In baƙo ya nemi giyar inabi mai kumfa marar zaƙi, Shampen kawai ya kamata a kai masa. Cava da Prosecco da sauransu kwaikwayo ne, araha ce ta sama musu kasuwa. Hujjata doka ce. A yankin Shampen na Faransa, wajen Reims da Épernay, kwalba ba ta fita kasuwa sai ta yi wata 15 a ajiye, wadda aka yi da inabin shekara guda kuwa sai ta yi shekara 3. Wa ke da irin wannan haƙurin?

Anti Saratu: Ƙanena, ka zuba Cava da Prosecco a kwando ɗaya, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Cava ta Sifaniya, wadda akasarinta daga Kataloniya take fitowa, hanyar Shampen ake bi wajen yin ta. Bayan giyar ta tsima, sai a ƙara mata sukari da yis, a toshe kwalbar, ta sake tsima a ciki. Iskar ba ta da mafita, sai ta narke cikin giyar, ita ce kumfar da kake gani. Mafi ƙarancin ajiyarta wata 9 ne, gaskiya, amma mai lambar Gran Reserva sai ta yi wata 30. Ninki biyu ke nan na abin da kake taƙama da shi.

Ishaya: Na ji, Anti. To Prosecco ta Italiya fa, da ake tsima ta cikin tankin ƙarfe?

Dauda: A nan kam ina bayan Ishaya. Kumfarta ba ta daɗewa a kofi, kuma sau da yawa zaƙi nake ji a bakina.

Rifkatu: Yaya Dauda, zaƙin nan a jikin kwalba yake rubuce, ba mu dubawa ne. Yawancin Prosecco da ke yawo lambar Extra Dry gare ta, sunan da ke sa mutum ya ɗauka ita ce ƙarshen rashin zaƙi. Alhali tana da sukari giram 12 zuwa 17 a lita, mai lambar Brut kuwa ƙasa da 12, Extra Brut bai wuce 6 ba, Brut Nature ƙasa da 3. Mai son marar zaƙi ya nemi Brut ko ƙasa da haka, ko daga wace ƙasa take. Sannan Italiyawa da gangan suka zaɓi tanki, don ƙamshin inabin Glera ya fito sabo. Ba ƙamshin gasasshen burodi suke nema ba, wanda giya ke samu in ta daɗe kwance da mataccen yis. Wanda bai nufi garinku ba, ba ka ce ya ɓata hanya.

Baba Yohanna: Ishaya, ɗana, akwai inda kake da gaskiya, kada su ƙwace maka. Sanyin yankin Shampen da ƙasarsa mai alli suna ba inabi tsami mai kaifi, kuma manyan gidajensu suna ajiye giyar shekarun baya suna haɗawa da sabuwa don ɗanɗano ya tsaya daram. Wannan ba kowa ke iyawa ba. Amma a Faransar ma akwai Crémant daga Alsace da Loire da Burgundy, duk a kwalba suke tsima. Franciacorta ta Italiya ma haka, kuma sai ta yi wata 18 a ajiye.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kashe kwalba mai tsada da hannunmu. Wani ya kawo ta da ɗumi, yana buɗewa rabi ya tsiyaye. Wani ya jefa ta ɗakin ƙanƙara na firji har ƙamshin ya mutu. Sanyin digiri 8 zuwa 10 a ma'aunin Celsius ake so. Bokiti, rabi ƙanƙara rabi ruwa, kamar minti 30, shi ke nan. Buɗewa kuma ba wasa ba ce: matsin iskar da ke ciki ya kusa ninka na tayar mota sau 3, marfin kan iya fasa ido. Babban yatsa a kan marfi tun kana kwance wayar da ta ɗaure shi, ka karkata kwalbar nesa da fuskar kowa, ka riƙe marfin, kwalbar za ka juya a hankali. Ba a son ƙara.

Dauda: Kofi fa, Baba? Dogon nan siriri muka saba.

Baba Yohanna: Yana riƙe kumfa, amma hanci ba ya samun wuri. Mai ɗan faɗin ciki da tsukakken baki ya fi, musamman ga wadda ta daɗe a ajiye.

Ishaya: Na karɓi maganar sanyi da ta sukari. Amma har yanzu ina cewa a rufe min takardar kwalba, zan ware Shampen daga cikinsu.

Anti Saratu: Mun yarda, da sharaɗi. Duka su zama Brut, bokiti ɗaya, kofi iri ɗaya, kuma ba kai za ka zuba ba. Cavar da zan kawo Gran Reserva ce.