Abin da aka tattauna kan shirya sautin ban tsoro na aikin makaranta

Ga abin da na tsinta daga shawarwarin da aka ba ɗalibanmu na Jos.

1. Kusan kowa ya ce a rubuta taswirar sauti kafin a taɓa makirufo: ina za a yi shiru, ina za a razana mai saurare. Shirun ma aka fi nanatawa.

2. A ɗauki sauti da asuba, kafin janareta da Keke Napep su tashi. Iskar hunturu a wajen duwatsun Shere ta samu yabo, amma a rufe makirufon da soso.

3. Sautin karyewar ƙashi: a karya karas ko a murɗe kabeji, ga su nan birjik a garin. Ƙarar tsohuwar ƙofa kuma a rage mata gudu a Audacity, manhajar gyaran sauti. A ɗauka a 48 kHz, wato na'urar ta riƙa auna sautin sau 48,000 a kowace daƙiƙa.

4. A gwada a lasifikar waya, don ba ta fitar da sauti mai kauri sosai.

Inda aka rabu shi ne garaya da goge. Wasu sun ce kiɗan bori zai sa tsigar jiki ta tashi, wasu suka ce ba abin wasa ba ne. Ni dai na fi karkata ga na biyun. Karatun Alƙur'ani kuwa, kowa ya ce a bar shi.